Amsa ga 'yar'uwar da aka hana ƙawarta shiga ajin tabbatarwa

'Yar'uwa a cikin Kristi, na karanta tambayarki game da yarinyar nan mai shekara 14, wadda aka yi wa baftisma tun tana jaririya, take kuma marmarin a yi mata tabbatarwa a ikkilisiyar Lutheran, wato ta shaida bangaskiyarta a gaban jama'a bayan ta gama ajin koyarwa, amma iyayenta suka ce ba da yawunsu ba. Ina roƙonki kada ki kai ta aji a ɓoye, domin na taɓa yin irin wannan, kuma har yau abin yana damuna.

Lokacin da nake koyar da ajin katekizim, wato ajin koyon tushen bangaskiyar Kirista, akwai wani yaro da yakan zo da littafinsa a ɓoye cikin riga. Na san mahaifinsa bai sani ba, amma na yi shiru saboda himmar yaron tana burge ni. Ranar da uban ya gano, ya tsaya a bakin ƙofar aji ya dube ni ya ce, "Malam, har da kai?" Daga ranar ya hana shi zuwa sujada gaba ɗaya, kusan shekara biyu.

Abin da na manta a lokacin shi ne, a koyarwarmu tabbatarwa ba ta cikin sakramenti kamar baftisma da Jibin Ubangiji. Shaida ce da mutum yake bayarwa a gaban jama'a cewa ya riƙe alkawarin da Allah ya riga ya yi masa a baftisma, saboda haka jinkirinta ba ya rage wa yarinyar komai na alherin Allah. Ki gaya mata wannan sau da yawa, domin mai yiwuwa tana ganin kamar an rufe mata ƙofa. Shi kansa Ƙaramin Katekizim da Martin Luther ya wallafa a 1529, ya tsara shi ne domin magidanta su koyar da iyalinsu, kuma bayaninsa a kan doka ta huɗu cikin Dokoki Goma, wadda ta ce a girmama uba da uwa, ya hana mu raina iyaye ko fusata su. Ta yaya za mu koya mata wannan alhali muna taya ta yi musu ƙarya?

Ki je ki gaishe su da ladabi, ki nemi jin dalilinsu ba tare da musu ba, sannan ki roƙi fasto ya ziyarce su idan sun amince. Ki nemi ƙaramin abu tukuna, kamar izinin ku riƙa karanta katekizim da Addu'ar Ubangiji tare a gabansu. Idan kuwa ana dukanta ko ana yi mata barazana saboda bangaskiyarta, wannan ya wuce batun haƙuri, sai ki sanar da fasto nan take.

Shi wancan yaron an yi masa tabbatarwa yana da shekara 20, a ajin manya. Mahaifinsa bai halarta ba, amma bai hana shi ba.