Shin hazon hunturu taki ne ga teku?

Tambaya: Malam, ina koyarwa a wata makaranta a Birni, nan Damagaram. Wani ɗalibina ya ce ya ji a rediyo wai ƙurar da ke rufe mu da hunturu abinci ce ga teku. Na rasa amsar da zan ba shi.

Amsa: Malam, yaron bai yi ƙarya ba, rabin zancen ya kawo maka.

Ƙurar nan da ke cika mana ido a Janairu, mai yawa daga Bodele take tasowa, a arewacin Chadi, inda tsohon tafki ya ƙafe. Iska takan kai ta har Tekun Atlantika, ta zuba masa sinadarin ƙarfe da fosfor. Akwai ƴan mitsi-mitsin tsirrai a ruwan, ido ba ya ganinsu, ƙarfen nan kuwa kamar gishiri yake a miyarsu.

Sai dai rumbun abincin a ƙasan teku yake. Tsirran ba sa wuce inda hasken rana ke kaiwa, mita 200 in an yi yawa. Nan suke shan sinadaran kabon da naitrojin da fosfor, kusan kashi 106 da 16 da 1 bi da bi, ma'aunin da ake kira da sunan masanin teku Alfred Redfield, wanda ya fara lura da shi a 1934. In sun mutu, ko an ci su an yi kashinsu, sai abin ya nutse, ƙwayoyin cuta su ruɓar da shi can ƙasa. Sama ta tsiyace, ƙasa ta ƙoshi. Ruwan ɗumi kuma ba shi da nauyi, yana zaune kan mai sanyi, ba sa garwayuwa da daɗi.

Ka san fura in ta jima a ƙwarya: tsararo a sama, gari ya kwanta. Sai an sa ludayi. Ludayin teku iska ce. A gaɓar Muritaniya da Senegal takan ture ruwan sama nesa da gaɓa, na ƙasa mai sanyi ya taso da takinsa. Shi ya sa kifi ya yi yawa a Nuwadibu, garin da ke gaɓar Muritaniya.

Abin da akan manta shi ne ludayin ba ya zaɓe. Ruwan da ya taso da taki yakan taso da kabon ɗin da aka binne, wani ya koma iska. Kabon da ya kai can ƙuryar teku kuwa yana iya yin shekara 1,000 bai ga rana ba.

Gobe ka shiga aji da ƙwaryar fura, ka ajiye ta har ƙarshen darasi, sa'an nan ka miƙa wa yaron ludayin.