Laftof ɗina mai RAM 4GB za ta ɗauki 16GB?

Malam, kafin ka kashe kuɗinka wajen sayen RAM (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) a kasuwar Beirut Road ko Farm Centre da ke Kano, ka sani ba kowace kwamfuta ce ke ɗaukar 16GB ba. Madabod (babban allon da sassan kwamfuta ke haɗe a kansa) da firosesa (ƙwaƙwalwar kwamfutar) su ke yanke iyaka. Juya laftof ɗin, ka kwafi lambar samfurin da ke ƙasanta, ka nema a shafin kamfanin, za ka ga iyakar.

Sai ka buɗe Task Manager, manhajar Windows mai nuna yadda kwamfuta ke aiki, ɓangaren Memory, ka ga ramukan saka RAM nawa ne, nawa ke a cike. Wasu siraran laftof an liƙe RAM ɗinsu da dalma a jikin madabod, babu zancen ƙari.

Inda mutane suka fi ƙonewa shi ne nau'i. RAM nau'in DDR4 ba ya shiga ramin nau'in DDR3, tsagar da ke tsakanin haƙoransa ba wuri ɗaya take ba, kada ka tura da ƙarfi. Akwai kuma DDR3L mai aiki da ƙarfin wuta 1.35V, wasu injinan shi kaɗai suke karɓa.

In Windows ɗinka 32-bit ce, ko 4GB ba za ta gani duka ba, sai ka koma 64-bit.

Ni dai shawarata, tafi da laftof ɗin shagon, a saka, a kunna a gabanka, sannan ka biya.