Yaron maƙwabta bai iya karatu ba, maigida ya ce in cire hannuna

Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali. Dan Allah ki sakaya sunana. Ni ƙanwarki ce daga Baltimore a jihar Maryland ta Amurka, aure ne ya kawo ni nan, ina aikin kula da tsofaffi yawanci da dare.

Damuwata akan wani yaro ne abokin ɗana, ɗan baƙaƙen Amurka 'yan asalin nan, shekararsa 11 yana aji biyar, bene ɗaya muke su suna ƙasa mu muna sama. Kakarsa ke riƙonsa, uwar ta rasu uban kuma ba mai maganarsa, ita kakar ga ciwon suga ga aikin kanti har dare. Yaron nan Anti akwai kai, lissafin kuɗi kafin ki ciro waya ya gama, labari in ya ji sau ɗaya shikenan ya zauna. Amma na lura in suna gem da ɗana duk rubutun da ya fito sai yace idonsa na ciwo a karanta masa. Rannan hannuna duk fulawa na miƙa masa kwali nace karanta min abin da suka rubuta a baya, wallahi sai naga yana kallon harafin farko yana cankar sauran kalmar, da ya ga na gane sai ya ajiye kwalin ya fice ko sallama babu. Daga baya ɗana ke gaya min ai in an zo karatu a bayyane a aji faɗa yake tsokanowa don a fitar da shi, an sha dakatar da shi daga makaranta akan haka.

Toh tun lokacin in sun taso kafin in shirya tafiya aiki nakan zaunar da shi mu ɗan yi karatu, yanzu ya saki jiki har dariya yake min wai ban iya faɗin wasu kalmomin ba. Ashe Baban yara abin bai masa ba. Yace nan ba Kano ba ce da za ki ce ɗa na kowa ne, ko tuntuɓe yaron ya yi a falonmu sai mun ga 'yan sanda, kuma wai mutanen nan dama can ba sa son boko ga makaranta kyauta sun ƙi yi, ƙarshe ɗanmu zai lalata. Gaskiya kakar ma bata san muna yi ba don yaron ya roƙe ni kar in faɗa. Ga kuma maganar za mu koma jihar Ohio baɗi. In ci gaba a ɓoye ne ko in haƙura? Na rasa yadda zan yi.

Ƙanwarki a Baltimore

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya saka miki da alheri. Amma ɓoyon nan daga yau ya ƙare, a nan mijinki ya fi ki gaskiya. Ɗan mutane ana zama da shi kullum mai riƙonsa bata sani ba, ko a gida ba daidai ba ne balle ƙasar da kiran waya ɗaya zai kawo miki jami'an kare yara ƙofar gida. Ki fara gaya wa yaron cewa za ki je wajen kakarsa, kar ya ji a sama ya ga kin ci amanarsa, sannan ki sauka da ɗan kwanon abinci ki gaishe ta, ki fara da yabon kaifin kansa kafin ki kawo maganar karatu, kar ki shiga kamar kin zo gyara mata tarbiyya. Ina kyautata zaton ta fi ki sanin matsalar, gajiya ce da rashin mataimaki.

Maganar wai ba sa son boko kuwa, da ladabi ki ce da maigida Anti tace ya sake tunani. Mutanen nan da doka aka hana kakanninsu karatu. South Carolina tun 1740 ta sa tarar fam 100 ga duk wanda ya koya wa bawa rubutu, North Carolina ta yi tata dokar a 1830, Virginia a 1831. A garin da kike zaune ɗin nan Frederick Douglass yana ƙaramin bawa matar ubangidansa ta fara koya masa baƙi mijinta ya hana, sai ya koma ba wa yaran Turawa na titi burodi suna biya masa karatu, har ya zama babban marubuci kuma mai yaƙi da bauta. Raba makarantun baƙaƙe da farare sai 1954 kotun ƙoli ta haramta, Baltimore ɗin ma a 1910 ta yi dokar raba unguwanni, kuma har gobe kaso mai tsoka na kuɗin makarantu a Amurka daga harajin gidajen yanki yake fitowa, kinga unguwar talaka makarantar talaka. Mu da muka sauka daga jirgi da digiri a jaka, gwagwarmayarsu ce ta buɗe mana ƙofar, rainin bai kamace mu ba.

Kuma yaronki ba shi kaɗai ba ne. A jarrabawar ƙasa ta NAEP ta 2022, kashi 17 cikin 100 ne kawai na baƙaƙen yara 'yan aji huɗu suka kai matakin ƙwarewa a karatu, fararen ma 42 ne, ko rabi basu kai ba. Wannan cankar da kika gani ba lallai lalaci ba ne, shekara da shekaru makarantu da yawa haka suka riƙa koyarwa, duba hoto duba harafin farko ka canka. Mississippi, jihar da ake wa kallon ta baya ga dangi, a 2013 ta yi doka ta koma koyar da sautin haruffa da haɗa su, ta horar da malamai, daga ta 49 cikin jihohi a karatun 'yan aji huɗu ta haura sama sosai, yaran baƙaƙe na cikin waɗanda suka ci gaba. Ke da kika yi babbaƙu da farfaru a makarantar allo ai kin san tsarin, harafi, sauti, haɗawa, maimaici. Haka za ki bi da shi, minti 20 kullum ya fi awa uku ranar Asabar, ki nemo littattafan da ba na jarirai ba don ɗan shekara 11 in kika ba shi mai hoton agwagwa kin kashe maganar. Dariyar da yake wa harshenki ki barta, ki ce shi ya gyara miki ke ki gyara masa, yaron da kullum shi ake wa gyara yana buƙatar wurin da shi ne gwani.

Sai dai ke ba ƙwararriya ba ce kuma aji biyar an ɗan makara. Kakar ta rubuta wa makaranta takarda, a rubuce fa ba da baki ba, tana neman a gwada shi ko yana da disleksiya, wato matsalar gane haruffa da haɗa su wajen karatu, ko wata matsalar koyo. Dokar tarayya ta IDEA, wadda ke kula da ilimin yara masu buƙata ta musamman, ta ba ta wannan haƙƙin tunda ita ke riƙonsa, kyauta ne, in ta sa hannu yawanci cikin kwana 60 ake gama gwajin, in an samu matsala a rubuta masa tsari na musamman da suke kira IEP. Ki taya ta rubutawa, in hali ya yi ki raka ta zaman. Idon da yake cewa na ciwo shi ma a kai a duba, wani sa'in dabara ce wani sa'in tabarau ne kawai. Laburaren Enoch Pratt na da rassa a unguwanni kuma kati kyauta ne, ku mayar da karatun can ko falon kakar, kinga tsoron maigida ya ragu.

Abin da ya fi tsaya min a wasiƙarki Ohio ne. Wani bincike da Grossman da Rhodes suka fitar a 2002 kan yaran Big Brothers Big Sisters, ƙungiyar da ke haɗa yara da manya masu sa kai don su jagorance su, ya nuna waɗanda suka shekara ko fiye da mai jagorantarsu su suka fi amfana, waɗanda aka yar da su kafin wata uku kuwa har baya suka ci wajen ganin ƙimar kansu. Yaron da uwa ta rasu uba ya ɓace, in kika sulale ba sallama kin ƙara masa wani tabon. Ki gaya masa maganar tafiyar tun yanzu, kuma kakar ta sa sunansa a wannan ƙungiyar tun da wuri don layin yara maza yana da tsawo, maza masu sa kai sun yi ƙaranci, a samu wani namiji ya saba da shi kafin ku tashi.

Maigida kuma kar ki yi masa gardama a gaban yara, ki kai masa tsarin a kammale, kaka ta sani, ba a gidanmu ba, ga lokaci, ki nemi izininsa. In kakar ce ta ce a'a toh ki tsayar da karatun, ki bar mata bayanin gwajin da na laburaren a takarda, ki sake tuntuɓarta bayan wata ɗaya.