Hukuncin Gaskata Gargaɗin Masana Kan Guguwar Rana

Tambaya: Malam, masana sararin samaniya kan yi gargaɗi cewa guguwa za ta taso daga rana ta lalata wutar lantarki da na'urorin sadarwa. Wanda ya gaskata su bai faɗa hukuncin mai gaskata boka ba?

Amsa: Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bai faɗa ba, ɗan'uwa.

Malamai sun raba ilimin taurari gida biyu. Akwai na masu duba, waɗanda ke cewa tauraro kaza ya fito, don haka wane zai mutu ko ya yi arziki. Wannan haramun ne, kuma a kansa hadisin Zaidu ɗan Khalid ya zo a Bukhari da Muslim game da mai jingina ruwan sama ga tauraro. Ɗaya kuwa lura ce da sababban da Allah Ya sanya, kamar gane alƙibla da lokutan shuka, kuma halal ne.

Gargaɗin nan na kashi na biyu ne. Rana kan yi aman turirin wuta mai ɗauke da maganaɗisu. Hasken fashewar yana iso mana cikin minti 8, shi kuwa turirin yakan ɗauki kwana ɗaya zuwa uku. A wannan tazarar ake gargaɗi. Abu ya riga ya taso, an hango shi da na'ura, kamar yadda manomi ke ganin hadari ya haɗo daga gabas. Ina gaibu a nan?

Kuma abin ya sha faruwa. A 1859 wayoyin tangaraho sun yi ta tartsatsi a Turai da Amurka. A Maris 1989 lardin Kubek na Kanada ya yi kusan awa 9 babu wuta. Har ɗan Adam ya haddasa irinsa: a 1962 Amurka ta fasa bam ɗin nukiliya a sama, nisan kilomita 400 bisa tekun Fasifik, fitilun titi suka mutu a Hawayi. Yin wannan da gangan a kan jama'a ɓarna ce a bayan ƙasa, don asibitoci da injinan ruwa ne za su tsaya.

Sharaɗi ɗaya ne: ka ƙudurce cewa rana halitta ce mai bin umarni, hasashen kuma zato ne mai rinjaye, yana dacewa, yana kuskurewa. Cire na'urorinka daga soket ya halatta. Sallar kisfewa kuwa ba a yin ta saboda wannan, domin nassi ya rataya ta ne ga kisfewar rana da wata.

Wallahu a'alam.