Hukuncin Fansho: Tsarin Jamus da Tsarin Chile

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ƙasashe sun bambanta wajen fansho, a wasu gwamnati ke biya, a wasu kowa da asusunsa. Shin duka halal ne? Kuma akwai zakka a kan abin da ake cire mini?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ba hukunci ɗaya ba ne.

Tsari na farko shi ne fanshon gwamnati wanda Jamus ta assasa a 1889, yawancin Turai suka bi. A yadda yake yanzu, abin da aka yanka daga albashin masu aiki yau shi ake biyan tsofaffin yau da shi. Wannan taimakekeniya ce, ba ciniki ba, don haka rashin sanin ko za ka karɓi fiye da abin da ka zuba ba ya ɓata shi. Asalinsa yana cikin hadisin Ash'ariyyawa, mutanen ƙabilar sahabi Abu Musa al-Ash'ari, waɗanda idan abinci ya yi ƙaranci sukan tara abin da ke hannunsu a mayafi ɗaya su raba daidai, Annabi (SAW) ya yabe su. Majalisar bincike ta Azhar ma ta halatta fanshon gwamnati a 1965.

Na biyu Chile ce ta fara shi a 1981, Najeriya ta ɗauka a 2004. A nan kuɗin naka ne, kamfani ke juya maka su, kuma a nan ne matsalar take. Tambayi inda ake zuba su. A Najeriya galibi takardun bashin gwamnati masu ruwa ne, wannan kuwa haramtacciyar riba ce ƙarara. Idan doka ta tilasta maka, babu zaɓi, ba ka da laifi. Ranar da ka karɓa sai ka riƙe abin da kai da ma'aikatarka kuka zuba da ribar halal, ka fitar da kason ruwa ga mabuƙata. Amma inda aka buɗe asusun da ya dace da shari'a, kamar Malesiya tun 2017 da Najeriya tun 2021, uzuri ya yanke, komawa can wajibi ne. Abin takaici, da yawa sun san da shi amma cike takarda ɗaya ya gagare su.

Zakka kuwa sai da cikakkiyar mallaka. Abin da ba ka da ikon taɓawa babu zakka a kansa sai ya shigo hannunka, ya kai nisabi, shekara ta zagayo. Wasu malamai sun ce a fitar da ta shekara ɗaya ranar karɓa, wanda ya yi haka ya fi tsantseni.

Wallahu a'alam.