Ka duba bakin caji kafin ka duba fuska

Yarona, tambayar da ka yi mini jiya muna naɗe wayoyi bayan dina ban ba ka amsa mai gamsarwa ba, gajiya ce ta sha kaina. Ka ce ka tara ɗan abin da ka tara, kana so ka sayi kwamfutar hannu, wato tab, don ka riƙa juye hotuna daga kyamara tun a wurin biki, ka nuna wa masu hidima, ka tura wa amarya nata kafin taro ya watse. Ka ce ka rasa wadda za ka ɗauka tsakanin iPad da Samsung. Shawarar ta yi, kuma na ji daɗi da ka fara tunanin kayan aikin kanka. Sai dai ba daga sunan kamfani ake farawa ba.

Idan ka shiga Farm Centre, kasuwar wayoyi ta Kano, mai shago zai kunna maka tab, ya buɗe hoto mai launi, ka ga fuskar tab ɗin tana walƙiya. Kai kuma ka juya ta ka dubi bakin caji, domin ta nan duk aikinka zai bi. Yanzu kusan kowace tab tana da baki irin na USB-C, a ido duk ɗaya suke, amma gudunsu ya sha bamban. Akwai waɗanda har yau gudun USB 2.0 suke yi, abin da a aikace ba ya wuce megabait 35 zuwa 40 a daƙiƙa. Yi lissafi da kanka: mimori mai gig 64 idan ya cika, sai ka share kusan rabin awa kana jira. Bakin da ke gudun USB 3, da rida mai kyau, wato abin da ake cusa katin kyamara a ciki a jona da tab, da mimorin da muke amfani da shi, aikin nan ba ya kai minti 15. A wurin biki, tsakanin kamu da fitowar amarya, wannan tazarar ita ce komai.

Kada tsada ko suna su ruɗe ka a nan. IPad ɗin nan na gama-gari da ya fito a 2022 yana da USB-C, amma gudun USB 2.0 yake yi. Air da Pro su ne masu sauri, kuma Pro tun 2018 ya koma USB-C. Tsofaffin masu ƙaramin bakin Lightning suna da araha a kasuwa, amma sai ka nemi ridarsu ta daban, ni ba zan ba ka shawararsu ba. A Samsung ma haka abin yake: masu sauƙin kuɗin yawanci a hankali suke juyewa, manyan jerin S ne ke gudu. Ka nemi lambar samfurin ka duba bayaninsa a intanet, kada ka tsaya a kan "ai tana da sauri" ta baki.

Sai ciki. Kyamararmu mai megafiksel 24, hoto ɗaya na RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, yana cin megabait 25 zuwa 30. Bikin da muka ɗauki hoto 1,500, ka ga an kai wajen gig 40 ke nan, ban da bidiyo. Tab mai gig 64, bayan manhajarta ta cinye nata kason, biki ɗaya zai shaƙe ta. Kada ka sauka ƙasa da 128, idan aljihu ya kai 256 ka huta. Nan Samsung ta fi, don yawancinsu suna da wurin ƙaramin mimori, ka ƙara ciki da kuɗi kaɗan. IPad ba shi da wannan ko ɗaya, abin da ka saya shi ke nan, ko da yake tun 2019 yana karanta filas da faifan ajiya ta manhajar Files. Amma ka lura, wannan ramin na ƙaramin mimori ne, babban katin kyamara ba ya shiga, rida dole ce. Na san wasu suna sa ƙarami cikin adafta su cusa a kyamara don su tsallake rida. Ni ba na yi. Ƙarin mahaɗi ƙarin wurin lalacewa ne, kuma hoton ɗaurin aure ba a sake shi.

Na san za ka ce ai kyamara tana da Wi-Fi. Tana da shi, Canon suna da manhajar Camera Connect, Nikon suna da SnapBridge. Don hoto goma da uwar amarya ta matsa a tura mata yanzu-yanzu, sun wadatar. Don juye kati guda ba sa aiki: a hankali suke, suna zuƙe batirin kyamara, kuma SnapBridge idan ka bar shi yadda ya zo, ƙananan kwafi masu megafiksel 2 yake turowa. Ranar wanke hoto za ka gane ba asalin ba ne. Abin da nake yi, ina sa kyamara ta ajiye RAW da JPEG, wato hoton da aka saba gani mara nauyi, tare, na nuna wa mutane JPEG, RAW ya jira gyara a shago.

Idan ka karkata ga masu araha na Android, akwai tarko biyu. Wata ba ta karɓar rida ta bakinta sam, wata kuma ta karɓa amma ta kasa karanta katin da ya wuce gig 32, saboda tsarinsu exFAT ne. Sai ta ce maka katin ya lalace, a yi masa fomat, wato a share duk abin da ke cikinsa. Wallahi idan ka ga wannan saƙon, cire katin kawai, kada yatsanka ya taɓa komai.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi damuna. Kwafa ake yi, ba a kwashewa. Shekarun baya na taɓa zaɓar a kwashe hotunan wani kamu daga kati zuwa na'ura, ana tsaka da aiki wani yaro ya ja kebul. Wasu suka isa, wasu suka salwanta a hanya, cikinsu har da na kakar amarya tana sa mata albarka. Tsohuwar ba ta kai bikin gaba ba. Har yau idan na haɗu da mutanen gidan ina jin nauyi. Tun daga ranar, kafin kati ya shiga rida sai na sauke ɗan makullin da ke gefensa, don kada a iya goge komai. Kuma ba na yi masa fomat sai hotunan sun zauna wuri biyu, sannan a cikin kyamara nake yi, ba a tab ba. Tab tana faɗuwa, ana sace ta a cunkoson biki, kada ka mayar da ita rumbu.

Fuska ma tana da nata, amma a taƙaice: ka zaɓi mai haske sosai don walimar rana a waje, ka kuma sauya launinta daga mai ƙyalli zuwa na asali, in ba haka ba fatar mutane za ta yi ja a idonka, ka rage, a takarda ta fito a koɗe. Idan za ka tura ta WhatsApp, ka tura a matsayin dokumen, kada ya matse hoton.

Ni da kuɗinka ne a hannuna, gara in ɗauki ta hannu mai lafiya daga jerin S ko iPad Air, da sabuwa dal mai jan ƙafa, in ware wani abu don rida ta USB 3 da fawa bank. Ranar Asabar ba mu da aiki da safe. Ka zo da katin sunan makon jiya, na riga na kwafe shi, ni kuma zan zo da ridata. Mu je tare, mu roƙi mai shago ya bar mu mu juye gig 10 a gabansa muna duba agogo.