Tambayoyinku: Aku a cikin keji

Assalamu alaikum Malam. Ina da aku irin mai launin toka da jar wutsiya, gyaɗa da gero nake ba shi tun da na same shi, yana ci sosai kuma baya ƙin su. To amma kwanan nan na ga yana fizge gashin ƙirjinsa har fata ta fito, rannan ma ya faɗo daga kan sandarsa yana kakkarwa. Don Allah me ke damunsa?
Daga wata mai karatu

Wa alaikumus salam Hajiya. Faɗowar nan da kakkarwa ita ta fi tayar min da hankali, ki kai shi wajen likitan dabbobi a wannan satin, kar ki jira sai ya sake. Irin akun ki an san su da matsalar ƙarancin sinadarin kalsiyam a jini, kuma alamar ke nan, rawar jiki, faɗuwa, wani lokacin har kamar farfaɗiya. Abincin da kike ba shi, shi ne ya jawo. Gyaɗa mai ne ya yi mata yawa, kalsiyam da bitamin A kuwa kusan babu a cikinta da gero, shi kuma aku kamar yaro ne da alewa, in dai kin ajiye masa gyaɗa ba zai kalli komai ba, zai ci ya yi ƙiba hantarsa ta tara kitse alhali jikinsa yunwa yake ji. Ga kuma wata matsalar, gyaɗar da ta sha danshi tana yin fumfuna, gubar da ke ciki tana lalata hanta, ita fumfunar kuma in ta shiga huhunsa jinya ce mai wahala.

Abin yi shi ne ki nemo abincin aku na kamfani da ake dunƙulawa ƙanana-ƙanana, pelet, ya zama shi ne mafi yawan abincinsa, sai ki haɗa da karas da kabewa da dafaffen dankali da ganyaye masu duhun kore, gwanda da mangwaro kaɗan. Gyaɗa ta koma tukuici, ɗaya ko biyu in ya yi abin kirki. Amma fa kar ki yanke masa tsohon abincin rana ɗaya, aku yana da taurin kai, zai iya zama da yunwa ya ƙi taɓa abin da bai sani ba. Ki riƙa cakuɗawa kina rage tsabar a hankali, ki ci karas ɗin a gabansa ma, za ki ga ya karkato kai yana leƙen hannunki da ido ɗaya, daga nan sai ya karɓa. Sannan ki riƙa fitar da kejin ya sha hantsi, rabi rana rabi inuwa, don sai da hasken rana jikinsa ke haɗa bitamin D da zai riƙe kalsiyam ɗin, kuma ranar da ta ratso ta gilashin taga bata yin wannan aikin.

Fizgar gashi kuwa sau da yawa kaɗaici ne. A daji garke-garke suke yawo, yini guda suna neman abinci suna surutu, ke kuma kin sa shi a keji babu abin yi. Ki ba shi itacen da zai ɓaɓɓare, ki ƙunshe abinci a takarda ya sha wahala kafin ya ciro, ki yayyafa masa ruwa ya yi wanka, da dare ya samu barcin awa 10 zuwa 12 a wuri mai duhu ba gaban talabijin ba.

Malam wai da gaske ne in an ba aku barkono yana saurin yin magana? Nawa wata nawa ko uffan.
Daga wani mai karatu

Ɗan uwa wannan zance ne kawai. Tsuntsaye basa jin zafin barkono irin yadda muke ji, shi yasa yake ci hankali kwance, kuma ba zai cutar da shi ba, amma bashi da alaƙa da magana. Masu cewa a kankare harshe ko a ɗan yanka, don Allah kar ka saurare su, zalunci ne, sautin ma daga can ƙasan maƙogwaro yake fitowa. Maimaici ne ke koya masa, kalma ɗaya a lokacin da ta dace, sallama duk sanda ka shigo, sunan abu duk sanda ka miƙa masa. Akwai wani aku mai suna Alex da Dakta Irene Pepperberg ta yi shekara 30 tana bincike da shi a Amurka, kafin ya mutu a 2007 ya san kalmomi sama da 100 har yana bambance launi, to kullum ana zaune da shi ana hira ne. Wani akun kuma har ya tsufa ba zai ce komai ba sai fito, ka haƙura da shi a haka.

Zan iya ba shi ragowar abincinmu?
Daga wata ɗaliba

Ƙanwata ki yi hattara. Abokado, cakulan, kofi, shayi, albasa, duk abin da gishiri ko mai ya yi yawa, kar su je kusa da shi, abokado kaɗai zai iya kashe shi. In za ki ba shi tuffa ki cire 'ya'yan. Kuma ki nisanta kejin da kicin, kaskon nan mai rufin Teflon, wanda abinci baya kama masa, in ya yi zafi fiye da kima yana fitar da tururin da ke kashe tsuntsu cikin ɗan lokaci, haka hayaƙin taba da feshin sauro. Ki canja masa ruwa kullum don suna son tsoma abinci a ciki, ki wanke hannu bayan kin share keji saboda akwai cutar numfashi da ke tsallakowa daga gare su zuwa mutum. In kin gan shi ya kumbura gashi ya lafe a ƙasan keji, ciwon ya riga ya yi nisa don suna ɓoye rashin lafiya, a ranar za ki kai shi likita.